Nauyi da Amo: Bahasi a Kan Sabuwar Lasifikar Makaɗan Jita

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar baya ta wani ɗakin kiɗa a birnin Landan da misalin ƙarfe ɗaya na dare, bayan an tashi, jama'a sun watse, an kashe fitilun dandamali, zai ga wani ɓangare na sana'ar makaɗan jita wanda jaridu ba su cika buga hotonsa ba: dattijo mai furfura, wanda ɗazun nan ake yi masa tafi, ya sunkuya ya kama mariƙin wani baƙin akwati, ya ja numfashi ya ɗaga, ya soma saukowa daga bene taki ɗaya ɗaya, yana tallafar akwatin da gwiwa a kowace matakala.

Akwatin nan shi ne amfilifayarsa, watau na'urar da ke karɓar ɗan raunannen motsin tsirkiyar jita ta mayar da shi amon da zai cika ɗaki. In irin wadda kamfanin Fender ya fitar a 1963 ce, mai suna Twin Reverb, to nauyinta ya tasam ma kilo 30, ya ɗara jarkar ruwa mai lita 25 a cike. In kuwa akwatin Marshall ne mai lasifika huɗu, to ya haura kilo 35, ban da kan amfilifayar da ake ɗora masa.

Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Ingila tana ba da shawarar kada namiji ya ɗauki abin da ya wuce kilo 25, shi ma sai in kayan yana manne da jiki a daidai ƙugu, mace kuwa kilo 16. Makaɗin da ba shi da yara masu ɗaukar masa kaya, kuma mafi yawansu ba su da su, yana ƙetare wannan iyaka sau huɗu a kowane daren wasa: daga gida zuwa mota, daga mota zuwa dandamali, sannan ya maimaita a kan hanyar komawa.

Samarin da suka ɗauki jita a shekarun 1960 da 1970 yau sun ba sittin baya, da yawansu kuma ba su ajiye ta ba. Saboda haka mas'alar nauyi, wadda a da ake ɗauka ƙorafin raggaye ne, ta zama abin da masu ƙera kayan kiɗa suke zama su yi shawara a kansa, kuma maganin da suka fi gabatarwa shi ne lasifika mai wani sabon maganaɗisu da ake kira niyodimiyam, makaɗa kuwa suna taƙaita shi su ce niyo.

Inda nauyin yake kwance

Domin a fahimci abin da ake jayayya a kansa, wajibi ne a buɗe lasifika a duba cikinta. Tsarin da ake bi har yau shi ne wanda injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana a 1925, kuma bai canja a asalinsa ba: takarda mai siffar mazurari, a gindinta an naɗa siririyar wayar jan ƙarfe, naɗin kuma yana rataye cikin wani matsattsen rami da ƙarfin maganaɗisu ya cika.

Idan lantarki ya bi ta cikin naɗin yana juyawa gaba da baya gwargwadon kiɗan, sai naɗin ya riƙa kai da kawo cikin ramin, ya ja takarda tare da shi, takarda ta bugi iska, iska ta kawo wa kunne. Takardar da naɗin wayar duka ba su wuce nauyin 'yan goro kaɗan ba. Abin da ke karya baya shi ne abin da ke manne a ƙeyar lasifikar, watau maganaɗisu da faranta biyu na ƙarfe masu kauri waɗanda suka rungume shi suna tattara ƙarfinsa zuwa ramin.

Lasifikar Vintage 30 ta kamfanin Celestion, wadda ta fito a 1986 kuma ta shiga akwatuna marasa adadi, faɗinta inci 12 ne, nauyinta kuwa ya kusa kilo 5, alhali maganaɗisunta kaɗai ya kai wajen kilo ɗaya da rabi. Akwai ma wadda ta fi ta, EVM 12L ta kamfanin Electro-Voice, wadda ta haura kilo 8 ita ɗaya. Mutum ya jera huɗu a akwatin katako, sai ya ga lissafin ya fito da kansa.

Ƙorafin kuwa daɗaɗɗe ne. A 1965, lokacin da Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya nemi Jim Marshall ya yi masa akwatin da zai fi kowa ƙara, an ƙera masa mai lasifika takwas a jiki ɗaya, amma masu ɗaukar kaya suka kasa jurewa, sai aka raba shi biyu aka ɗora ɗaya bisa ɗaya; wannan hasumiya ta akwatuna, wadda daga baya ta zama alamar kiɗan rok a duniya, asalinta ciwon baya ne.

Zuriya biyu da suka gabata

Maganaɗisun farko da ya yi suna a lasifikar jita shi ne alniko, gamin alminiyam da nikel da kobal da baƙin ƙarfe, wanda asalinsa ya koma ga binciken Tokushichi Mishima na ƙasar Japan a 1931. Da shi kamfanin Jensen na Shikago ya ƙera lasifikun da Leo Fender ya sa a amfilifayoyinsa na shekarun 1950, da shi kuma Celestion ya ƙera shuɗiyar lasifikar nan ta cikin Vox AC30 wadda aka ji a faya-fayen farko na ƙungiyar The Beatles.

Sai dai kobal ma'adini ne mai tsada, kuma ana buƙatarsa a ƙera injin jirgin sama da kayan yaƙi, don haka da kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da maganaɗisun tangaran a farkon shekarun 1950, wanda ake haɗawa daga tsatsar ƙarfe a gasa kamar yadda ake gasa tukunya, masu ƙera lasifika suka koma gare shi ɗaya bayan ɗaya. Araha ce ta kai su, ba neman wani amo ba. Tangaran kuwa rarrauna ne, sai an tara shi da yawa kafin ya ba da ƙarfin da ake so, kuma daga nan lasifika ta ƙara ƙiba.

Abin lura a nan, wanda zai taimake mu a gaba, shi ne cewa wannan maganaɗisu da aka karɓa bisa larura shi ne ya zama muryar jitar Jimi Hendrix da Jimmy Page ta hanyar koriyar lasifikar Celestion mai wat 25, har ya zamana yau ma'abota tsohon amo suna kare shi kamar yadda ake kare gadon kaka, alhali a zamaninsa shi ne baƙo, shi ne kuma ake zargi da rashin asali.

Sabon tagwai

Shi niyodimiyam an san shi tun 1885, sa'ad da masanin sinadarai Carl Auer von Welsbach na ƙasar Ostiriya ya raba wani ma'adini da aka daɗe ana zaton abu guda ne, ya tarar ashe biyu ne. Ya ba ɗayan suna daga harshen Girka mai ma'anar sabon tagwai. Shekaru kusan 100 ya yi ba shi da wani babban aiki sai rina gilashi da makamantan haka.

A 1978 yaƙi ya ɓarke a lardin Shaba na ƙasar Zayar, wadda yau ake kira Kwango, ya kai har garin Kolwezi inda ake haƙo kaso mai yawa na kobal ɗin duniya, farashi ya yi tashin gwauron zabo, kamfanonin da suka rage a kan alniko irin su JBL suka saki, masana kuma suka duƙufa neman maganaɗisu mai ƙarfi wanda ba ya buƙatar kobal. Mutum biyu suka isa ga amsa ɗaya ba tare da sanin juna ba: Masato Sagawa a kamfanin Sumitomo na Japan, da John Croat a kamfanin General Motors na Amurka, kuma a taro guda a birnin Pittsburgh cikin 1983 kowannensu ya bayyana gamin niyodimiyam da baƙin ƙarfe da boron.

Ƙarfin wannan gami ya ninka na tangaran kamar sau goma in an kwatanta girma da girma. Mai karatu ya riga ya san shi ko da bai san sunansa ba, domin shi ne a cikin 'yar lasifikar wayar salularsa, shi ne kuma a abin sauraren da yake sawa a kunne.

Masu manyan lasifikun taro, waɗanda ake ratayewa a rufin filin wasa, su suka fara karɓarsa, tun da duk kilon da aka rage a sama amana ce aka sauke. Makaɗan jitar bes suka biyo baya ba tare da wata gardama ba, saboda akwatinsu na Ampeg mai lasifika takwas ya fi buhun siminti nauyi, kuma abin da suke nema amo ne tsabtatacce mai kauri; kamfanin Markbass na Italiya ya gina sunansa a kan wannan tun farkon ƙarnin nan. Makaɗan jita mai tsirkiya shida su ne suka tsaya suna nazari, har yau kuma wasunsu ba su gama ba.

Abin da mizani ya tabbatar

Ta fuskar nauyi babu saɓani, domin sikeli ba ya bin mazhaba. Lasifikar Neo Creamback ta Celestion ba ta cika kilo 2 ba, 'yar uwarta ta tangaran kuwa ta haura kilo 3 da rabi. Tornado ta Jensen, wadda yanzu wani kamfanin Italiya mai suna SICA ke ƙerawa, tana wajen kilo 2. Haka ma Lil' Texas da Tonkerlite na kamfanin Eminence da ke jihar Kentaki. Wanda ya cire Vintage 30 guda huɗu ya sa niyo huɗu a madadinsu, ya sauke wa kansa fiye da kilo 10 ba tare da ya taɓa katakon ba.

A 2019 Fender ya fito da sabuwar Twin Reverb a jerin da ya kira Tone Master, mai nauyin kilo 15 ko kusa da haka, watau rabin tsohuwar, kuma a cikinta akwai lasifikun niyo biyu na Jensen. Amma adalci ya sa a faɗi cewa ba lasifika kaɗai ta yi wannan aiki ba: an cire kwalaben bawul da manyan taransifomomi an sa kwamfuta mai kwaikwayon amonsu, an kuma yi akwatin da katako marar nauyi. Wanda ya sayi niyo yana tsammanin amfilifayarsa mai bawul za ta zama kamar jakar hannu, zai tarar nauyi mai yawa yana nan a taransifoma.

Saɓanin ma'abota kunne

A kan amo ne aka rabu. Kafin a kawo hujjar kowane ɓangare, ya kamata a san cewa lasifikar jita ta saɓa wa sauran lasifiku a manufa, domin lasifikar rediyo ko ta masallaci ana son ta isar da murya yadda aka ba ta ba ƙari ba ragi, amma ta jita da gangan ake barin ta da aibu: ba ta kai wa ga siraran muryoyi na can sama, takardarta kuma siririya ce mai zobba-zobba, wadda in aka matsa mata sai sassanta su daina tafiya tare, ta soma wani irin gurnani. Wannan aibi shi ne makaɗa suke ƙauna, shi suke biya kuɗi su saya.

Ɓangare na farko, masu riƙo da na da, suna cewa niyo ta cika tsini da bushewa, tana soke kunne a sama, ba ta da abin da suke kira ɗumi, kuma tana mayar wa makaɗi da abin da yatsunsa suka yi cikin gaggawa ba tare da rufa masa asiri ba. Suna cewa alniko in aka buga shi da ƙarfi yana ɗan rusunawa ya tausasa bugun, tangaran yana da naushi a tsakiya, niyo kuwa tsaye take ƙiƙam.

Maganarsu tana da asali. Lasifikun niyo na farko da suka shigo kasuwar jita a farkon shekarun 2000, irin su G12 Century, an ƙera su ne da nufin nuna abin da sabon maganaɗisu zai iya, don haka aka cika ramin da ƙarfi fiye da yadda aka saba, suka fito da ƙara mai yawa da haske mai yawa, ƙasansu kuma a ɗaure tam. Wanda ya fara cin karo da niyo a wancan zamani ya yanke hukunci a kan abin da ya ji da kunnensa, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba. Kuskurensa kawai shi ne ya ɗora laifin a kan ma'adinin, alhali zaɓin maƙeri ne.

Ɓangare na biyu, waɗanda injiniyoyi suka fi yawa a cikinsu, suna cewa naɗin waya ba shi da ido, bai san ko alniko ne a bayansa ko tangaran ko niyo ba, abin da ya sani kawai shi ne yawan ƙarfin da ke cikin ramin da yadda ya bazu; in aka daidaita wannan, aka yi amfani da takarda ɗaya da naɗi ɗaya da gam ɗaya, to da wuya kunne ya bambance. Suna ƙarawa da cewa kunne mai saurin mantuwa ne, cewa tsakanin cire lasifika da ɗaura wata an yi minti 20 wanda ya isa ya shafe abin da aka ji, kuma duk lasifikar da ta ɗara 'yar uwarta ƙara ko da kaɗan ne sai mai sauraro ya ce ta fi daɗi ko ta fi tsini, gwargwadon abin da zuciyarsa ta riga ta ƙudurta.

Akwai kuma ƙauli na uku, wanda ya shiga tsakani, kuma a ganina shi ya fi kusa da tahƙiƙi. Masu wannan ƙauli sun yarda cewa takarda ce uwar amo, amma suna tunatarwa cewa naɗin waya shi ma, sa'ad da lantarki ke gudana a cikinsa, yana haifar da nasa ƙarfin maganaɗisu wanda ke ture na babban, kuma ma'adinan uku ba su amsa wannan turi iri ɗaya ba: alniko da niyo ƙarafa ne masu ɗaukar lantarki, don haka suna haifar da wata gudana a jikinsu da ke daƙile girgizar, tangaran kuwa ba ya ɗaukar lantarki ko kaɗan. Bambancin haƙiƙa ne, ana iya auna shi, sai dai ƙarami ne in an gwada shi da bambancin takarda da takarda.

Damtse da fata

Mai karatun da ya tashi cikin amon kalangu ba ya buƙatar dogon sharhi a nan. Muryar kalangu tana cikin fatarsa da ƙirar icensa da yadda aka ja tsarkiyarsa. Damtsen makaɗi shi ke ba da ƙarfi, kuma ko da yake bugun siririn makaɗi da na ƙaƙƙarfa ba za su zama ɗaya tak ba, babu mai hankalin da zai ce damtse ne ya sa kalangu ya bambanta da kotso. Maganaɗisu damtse ne, takarda kuwa fata ce.

Masu ƙira da kansu sun gane haka bayan shekaru. Maimakon su ci gaba da nuna ƙarfi, sai suka soma rage shi da gangan, suka ɗauko tsofaffin takardu masu zobba suka haɗa da ƙaramin niyo wanda aka auna shi daidai da ƙarfin tsohon tangaran, har Celestion ya sa wa tasa sunan tsohuwar zuriya domin mai saye ya san inda aka dosa. Ƙarar Neo Creamback a ma'auni desibel 97 ce, ta Vintage 30 kuwa 100, kuma tazarar desibel 3 daidai take da ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu. Ashe ke nan sabuwar ta fi tsohuwar sanyin murya, saɓanin abin da aka saba faɗa game da niyo.

Ba na cewa babu abin da ya rage. Lasifika mai kilo 5 da aka ɗaure a allon gaban akwati tana danne katakon, tana canja yadda yake rawa, wadda ba ta kai kilo 2 ba kuwa tana barinsa ya yi motsinsa. Makaɗin da ya shekara 30 da akwati ɗaya ya san shi kamar yadda mahayi ya san dokinsa, in ya ce wani abu ya sauya a ƙarƙashin yatsunsa, to ni ina gaskata shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne taƙlidi, watau saurayin da bai taɓa gwadawa ba ya ɗauki hukuncin da aka yanke shekaru 20 da suka wuce a kan wata lasifika dabam, ya ci gaba da ɗaukar kayan da zai illata masa gadon baya saboda ruwayar da bai bincika isnadinta ba.

Sabuwar takarda ma, ko wane irin maganaɗisu ke bayanta, tauri gare ta, sai ta sha kiɗa na sa'o'i masu yawa kafin gefenta ya saki. Da yawa daga cikin waɗanda suka kushe niyo sun gwada sabuwa fil ce da tsohuwar da ta shekara 40 tana laushi.

Illar zafi

Niyo tana da rauni na gaskiya, kuma ba a kunne yake ba. Daga cikin ƙarfin da amfilifaya ke turawa, abin da ke zama amo bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, sauran duk zafi ne, har naɗin waya yakan kai digiri 200 a wasa mai tsanani. Tangaran da farantansa, saboda girman jikinsu, suna shanye wannan zafi a hankali. In sun ɗumama ƙarfinsu yakan ragu, amma da sun huce sai ya dawo.

Niyo ƙarami ne, ba shi da jikin da zai raba zafin, kuma nau'insa na gama-gari yana soma rasa ƙarfi da zarar ya wuce digiri 80, rashin da ba ya dawowa sai an sake cusa masa ƙarfi da wata babbar na'ura wadda mai gyaran lasifika na kasuwa ba shi da ita. Saboda haka ne ake ganin fika-fikan alminiyam a ƙeyar wasu lasifikun niyo, saboda haka ne kuma masu ƙira na ƙwarai suke sayen nau'in da aka gauraya da wani ma'adini mai suna disfurosiyam, wanda ke jure zafi amma ya fi tsada. Ga kuma tsatsa, wadda ke cin niyo da sauri in fentin nikel da aka lulluɓe shi da shi ya fashe.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. A Agadas da kewayenta, inda jita ta zama kayan biki, inda Bombino da Mdou Moctar da ƙungiyar Etran de L'Aïr suka fito har duniya ta san su, ana kiɗa ne a fili, cikin ƙura, a yanayin da zafin bazara ke haura digiri 40, kuma ana jigilar kaya daga wannan gidan biki zuwa wancan. Babu wanda sauƙin nauyi zai yi wa rahama kamar waɗannan makaɗa, amma kuma babu wanda niyo mai araha marar asali za ta ci amanarsa da wuri kamar su, domin lasifikar da ta fara wasa tana da zafin rana a jikinta ta riga ta ci rabin tazarar da ke tsakaninta da iyakarta.

Daga wane rami

Mai saye a shago yana ganin bambancin farashi, domin niyo takan ɗara 'yar uwarta ta tangaran tsada, amma ba ya ganin inda tsadar ta samo asali. Fiye da rabin ma'adinan dangin niyodimiyam ana haƙo su ne a ƙasar Sin, musamman a ramin Bayan Obo da ke Mongoliya ta Ciki, kuma wajen kashi 90 cikin 100 na maganaɗisun niyo na duniya a can ake ƙera shi. Raba niyodimiyam daga 'yan uwansa aiki ne mai cin ruwan asid da yawa, kuma a gefen birnin Baotou akwai wani makeken tafki na baƙar laka inda aka shekara da shekaru ana zubar da dagwalon, cikinsa har da toriyam mai fitar da tururin nukiliya.

Nauyin da aka sauke daga kafaɗar makaɗi a Landan, wani sashe nasa a kan manoman wancan yanki ya sauka, kuma bai kamata mai rubutu ya yabi sauƙin ya yi shiru a kan wannan ba. Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan ƙasa, domin yashin monazait, wanda ke ɗauke da niyodimiyam da toriyam tare, yana nan cikin tarin ƙasar da haƙar kuza ta bari a tsaunukan Jos.

A 2010 gwamnatin Sin ta rage adadin waɗannan ma'adinai da take barin a fitar, farashin niyodimiyam ya ninka sau da dama kafin tsakiyar 2011, masu ƙera lasifika suka yi ta ƙara kuɗi, wasu suka dakatar da nau'o'insu na niyo suka koma wa tangaran har sai da kasuwa ta lafa. Tun daga lokacin aka farfaɗo da ramin Mountain Pass a Kalifoniya, kamfanin Lynas kuma yana haƙa a Mount Weld ta Ostireliya yana tacewa a Maleshiya, amma ba su kai ga cike gurbin ba. A watan Afrilu na 2025 Sin ta sake ɗora sharaɗin lasisi a kan fitar da wasu ma'adinai bakwai, cikinsu har da disfurosiyam, da kuma maganaɗisun da ke ɗauke da su.

A wannan kasuwa mai ƙera lasifikar jita ƙaramin mai saye ne ƙwarai. Maganaɗisun da ke cikin lasifika ɗaya bai wuce gram 100 zuwa 200 ba, alhali motar lantarki guda tana cin kilo 1 zuwa 2, babbar fankar samar da lantarki daga iska a teku kuwa tana cin tan-tan. In kaya ya yi ƙaranci, kamfanonin mota da na makamashi da na makamai su ake fara sallama, masana'antar Celestion a Ipswich da ta Eminence a Kentaki kuwa sai su jira a bayan layi, su karɓi farashin da waɗancan suka bari.